Ɗakin Gwaji Ko Bakin Igwa: Wanne Ke Faɗin Gaskiya?

Harsashin igwa ba ya daɗewa a cikin bututu. Daga kamawar albarushi zuwa fitarsa bakin igwa, abin wajen kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ne. A wannan ɗan taƙi ƙarfen da yake kwance shiru yakan tashi da gudun da ya kai wajen mita 800 a sakan guda, yana kuma juyawa a kansa sau ɗaruruwa a kowane sakan saboda murɗaɗɗen tsagin da ke cikin bututun. Duk abin da aka saka a cikinsa, turin da ke zuwa daga baya yakan danne shi har nauyinsa ya ninku sau 15,000 zuwa 20,000. Matuƙin jirgin yaƙi, duk da horonsa da rigarsa ta musamman, idan nauyin jikinsa ya ninku sau tara to ya kai maƙura. A ninki 20,000 kuwa, abu mai nauyin giram ɗaya ya zama kilo 20, wayar hannu mai giram 200 ta zama tan huɗu.

Muddin harsashi dunƙulen ƙarfe ne da nakiya a cikinsa, wannan azaba ba ta dami kowa sosai ba. Magana ta sauya ne ranar da aka so a saka masa rediyo da batir, don ya gane cewa ya kusanci jirgin sama ya fashe da kansa, ba sai ya taɓa jirgin ba. Tun daga ranar injiniyoyi ke fama da tambaya guda: ta yaya za a tabbatar cewa ƙananan kayan laturoni za su fita bakin igwa da ransu? Hanya biyu suke bi. Ta farko, a kwaikwayi azabar a ɗakin gwaji da injunan da aka ƙera don haka. Ta biyu, a ɗura kayan cikin harsashi, a harba da igwa ta gaske, a je a tono abin da ya saura a duba. Kowace tana da abin da take faɗa da abin da take ɓoyewa, kuma babu inda hakan ya fito fili kamar a tarihin yadda aka soma wannan aiki.

A 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Ingila, harbo jirgi da igwa kusan sa'a ce kawai. Fiyus ɗin da ke tayar da harsashi na lokaci ne: a ƙiyasta sakan nawa zai yi kafin ya isa jirgin, a saita, a harba. Kuskuren da bai kai ƙiftawar ido ba ya isa ya sa harsashin ya fashe nesa da inda ake so. Masanan Birtaniya, cikinsu har da Alan Butement, sun riga sun yi tunanin fiyus mai rediyo, wanda zai riƙa watsa igiyar rediyo yana sauraron dawowarta daga jikin jirgi. Abin da ya tsaya wa kowa a maƙogwaro shi ne bawul. A lokacin ba a ƙirƙiro taransista ba tukuna, sai a 1947. Kusan kowace rediyo da bawul take aiki, wato kwalbar gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, mai siririn zaren waya da ke ɗaukar zafi. A watan Agustan 1940 Amurka ta kafa wani rukunin masana da ake kira Sashen T, ƙarƙashin jagorancin Merle Tuve, a cibiyar Carnegie da ke Washinton. A 1942 aikin ya koma hannun Jami'ar Johns Hopkins, a wani tsohon garejin motoci a jihar Merilan.

Da hanyar ɗaki suka fara, domin ita ce a kusa. Richard Roberts, ɗaya daga cikin masanan, ya ɗaure bawul a jikin tubalin dalma, ya rataye tubalin, ya ɗirka masa harsashin bindiga. Lissafi ya nuna bawul ɗin ya sha ninkin nauyi wajen 5,000, kuma bai mutu ba. Daga nan ya ɗora wani a kan curin dalma ya sako shi daga rufin bene zuwa kan faifan ƙarfe. Yadda dalmar ta lotse shi ne ma'auninsa: da zurfin lotsewar ya lissafa ƙarfin bugun, wanda ya kai wajen ninki 20,000. Cikin 'yan kwanaki, ba tare da an kashe kuɗin kirki ba, an rusa zaton da ya hana mutane da yawa gwadawa, wato cewa gilashi da zaren waya ba za su taɓa jure igwa ba.

A nan ne ƙarfin ɗakin gwaji yake. Yana da arha, yana da sauri, kuma yana barin mutum ya sauya abu ɗaya tak ya ga abin da zai biyo baya. Injin wulwulawa, wanda ke juya kaya a ƙarshen hannunsa har nauyinsu ya ninku, yana ba injiniya damar ƙara nauyin sannu a hankali, ya tsaya daidai inda abu ya karye, ya ciro shi da ɗuminsa ya duba. Zai ga ko ƙafar bawul ce ta lanƙwashe, ko dalmar haɗi ce ta saki, ko gilashin ne ya tsage daga gindi. Gobe ya gyara wurin ya sake. Ta irin wannan bin diddigi ne aka tabbatar da wata ƙa'ida da har yau ake aiki da ita: ƙaramin abu ya fi babba jure wannan azaba. Idan aka rage tsawo da faɗi da kaurin abu da rabi, nauyinsa yakan ragu sau takwas, amma faɗin jikin da ke ɗauke da nauyin sau huɗu kawai yake raguwa. Shi ya sa masanan Sashen T suka juya ga ƙananan bawul irin na na'urar taimaka wa masu matsalar ji, suka kuma cike duk wani gurbi da ke cikin fiyus da kaki, don kada wani abu ya sami filin motsi.

Amma ɗakin gwaji yana da gazawar da ba ta gyaruwa da ƙwazo. Kowane inji ɓangare ɗaya na azabar yake kwaikwaya. Sako abu daga sama yana kawo bugu mai ƙarfi, sai dai gajere ne ƙwarai, yakan wuce tun kafin wasu sassan su gama jin sa. Injin wulwulawa yana kawo nauyin kuma ya riƙe shi, amma a hankali yake hawa, alhali igwa farat ɗaya take yi. Ita kuwa igwa ba abu ɗaya take yi wa harsashi ba. Tana tura shi daga baya. Tana murɗa shi. Yana tafe yana bugun bangon bututu hagu da dama. Sannan ga abin da ya fi ba da mamaki: da zarar ya fita bakin igwa, matsin da ke bayansa yakan yanke nan take, sai duk abin da aka danne ya zabura gaba, jikin harsashin ya ɗauki karkarwa mai sauri. Kayan da aka gina don jure danniya daga baya sau da yawa a wannan sakin suke lalacewa. Babu injin ɗaki guda da ke haɗa waɗannan huɗun a lokaci ɗaya kuma a jerin da igwa ke kawo su.

Saboda haka mutanen Tuve ba su daɗe ba suka fita fili. Da farko sun haɗa wata igwa da hannunsu suka kai ta wata gona a jihar Bajiniya, daga baya suka koma filayen harbi a Merilan da igwa ta soja. Dabararsu ita ce a ɗaga bakin igwa ya kalli sama sak. Harsashin da ke juyawa a kansa, idan aka harba shi haka, yakan dawo da gindinsa ya nutse cikin ƙasa mai laushi, don haka bugun saukar yakan zo ta ɓangaren da bugun harbin ya zo. Ma'aikata su fake ƙarƙashin rufi mai ƙarfi, su kasa kunne su ji inda ya faɗi, su ɗauki kayan haƙa su tono shi, a kai shi kan tebur a yanka a ga abin da ya tsira. A 1941 suka ƙara wata dabara: su bar 'yar rediyon cikin harsashin tana aiki, su kuma suna sauraronta daga ƙasa tun daga harbi har sauka.

Gani ya kori ji. Abin da igwa ta nuna, babu mai gardama da shi, kuma ta nuna abubuwan da ɗaki bai hango ba. Bawul zai iya fita bakin igwa lafiya lau, gilashinsa garau, amma zaren cikinsa yana rawa saboda girgizar tafiya. Wannan rawar takan haifar da siginar ƙarya, fiyus ya ɗauka ya iso jirgi, ya fashe a banza tun bai je ko'ina ba. Irin wannan matsala ce James Van Allen ya yi aiki a kanta, ya saka ɗan ƙaramin sifirin da ke riƙe zaren a miƙe. Shi ne mutumin da daga baya, a 1958, ya gano ɗamarar haskoki da ke kewaye da duniya, wadda ake kira da sunansa. Kuma da igwa aka yanke hukunci. Rundunar sojan ruwan Amurka ta ce ba za ta ba da izinin ƙerawa da yawa ba sai rabin harsasan da aka harba sun yi aiki. A watan Janairun 1942, a filin gwajin Dahlgren da ke Bajiniya, aka sami kashi 52 cikin ɗari. A watan Agustan shekarar, jirgin ruwan yaƙi mai suna Cleveland ya kakkaɓo jirage uku marasa matuƙi da 'yan harsasai kaɗan a mashigin ruwan Chesapeake. Ranar 5 ga Janairun 1943 jirgin ruwan Helena ya harbo jirgin saman Japan da wannan fiyus a kusa da tsibirin Guwadalkanal.

Duk da haka, igwa alƙali ce mai yanke hukunci ba tare da bayani ba. Harsashin da aka tono aka tarar da bawul ɗinsa a farfashe, wa zai rantse cewa harbi ne ya fasa shi ba sauka ba? Wanda ya yi shiru a sama, batirinsa ne ya mutu ko wayarsa ce ta tsinke? Wanda ya faɗa ruwa ko ya ɓace a daji ya tafi da amsarsa. Kowane harbi yana cin albarushi, yana cinye bututu, yana buƙatar fili mai faɗi da ma'aikata da ranar da iska ba ta da ƙarfi. Kuma harbi biyu ba sa zama iri ɗaya: tsohon bututu da sabo, albarushi mai sanyi da mai zafi, kowane da irin bugunsa. Wanda ya harba biyar suka tsira bai san ko na shida zai tsira ba. Sashen T ya rufe wannan gurbin ne da yawan harbi, yana ɗibar samfuri daga kayan da masana'antu ke fitarwa yana harbawa ba ƙaƙƙautawa. Yaƙi ne ya ba su wannan dama. Kafin ya ƙare an ƙera fiyus fiye da miliyan 22, kuma farashin kowane ɗaya ya sauko daga dala 732 a 1942 zuwa dala 18 a 1945. Mai ƙera harsashin zamani, wanda kowane guda ke cin dubban daloli masu yawa, ba shi da halin harba ɗaruruwa don neman amsa ɗaya.

Labarin batir ya fi kowane nuna iyakar hanyoyin biyu. Fiyus na farko da busasshen batir yake aiki, ɗan'uwan na tocila, wanda kamfanin National Carbon ya ƙera. Ya ci gwajin ɗaki, ya ci gwajin igwa. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da harsasan suka yi watanni a rumbunan jiragen ruwa cikin zafi da laimar Tekun Fasifik, sai batiran suka riƙa mutuwa tun kafin a harba su. Van Allen, wanda a lokacin aka ba shi muƙamin hafsan sojan ruwa aka tura shi can, ya ga wannan da idonsa, sai da aka shirya sauya batira a fagen yaƙi. Injin wulwulawa bai faɗi wannan ba, igwa ma ba ta faɗa ba, domin dukansu sabon kaya aka ba su.

Maganin da aka samo yana da kyau ƙwarai. Aka raba ruwan batir da farantansa, aka rufe ruwan a 'yar kwalbar gilashi a tsakiya. Muddin harsashi yana ajiye, batirin a bushe yake, babu abin da ke cin sa. Da an harba, bugun ya fasa kwalbar, juyawar harsashin ta watsa ruwan tsakanin farantan, wuta ta kawo. Azabar da ake tsoro ita ce ta koma makunni. Ya kuma ƙara tsaro, domin fiyus ɗin ba shi da wuta sam sai bayan an harba shi.

Sai dai a duba abin da ake nema daga wannan 'yar kwalba. Dole ta ƙi fashewa idan harsashi ya kuɓuce daga hannun mai ɗurawa, ko mota ta yi ta jijjiga shi a mummunar hanya. Dole kuma ta fashe kowane lokaci a cikin igwa, har da ranar da aka rage albarushi don harbin kusa. Sharaɗin farko a ɗakin gwaji ake tabbatar da shi, da sako kaya daga tsayin da aka ƙayyade, da teburin girgiza, da akwatunan zafi da sanyi da laima waɗanda ke tsufar da kaya cikin makonni. Sharaɗi na biyu sai a bakin igwa. Wanda ya riƙe hanya ɗaya ya saki ɗaya, rabin kwalbar kawai ya gwada.

A yau tazarar da ke tsakanin hanyoyin biyu ta ragu, domin kowace ta matso kusa da 'yar'uwarta. A ɓangaren ɗaki akwai igwar iska, wadda ke tura kayan gwaji da matsattsiyar iska maimakon albarushi, a tare su a ƙarshen bututu. Akwai kuma kwamfuta, wadda ke yanka hoton na'ura ƙanana-ƙanana ta lissafa inda nauyi zai taru tun ba a ƙera komai ba. A ɓangaren fili, ana saka wa harsashi laima ya sauko a hankali, kamar yadda ake yi a filin gwajin Yuma da ke Arizona. A cibiyar Picatinny da ke Niyu Jazi akwai igwa mai faɗin milimita 155 da ke harbi cikin dogon bututu, inda matsattsiyar iska da ruwa ke rage wa harsashin gudu har ya tsaya ba tare da ya daki ƙasa ba. Mafi muhimmanci, ana iya saka ƙaramar na'urar ɗaukar bayani a cikin harsashin kansa, ta rubuta duk bugun da ya sha daga farko zuwa ƙarshe. Da wannan bayanin ake komawa a saita injunan ɗaki da lissafin kwamfuta. Wato yanzu igwa ta fara bayani, ɗaki kuma ya fara kama da igwa.

Buƙatar ma ta ƙaru. Harsashin Excalibur, wanda kamfanonin Raytheon na Amurka da Bofors na Suwidin suka haɗu suka ƙera, aka fara amfani da shi a Iraƙi a 2007, yana ɗauke da na'urar karɓar siginar tauraron ɗan'adam, da na'urorin auna motsi, da fukafukai masu juyawa, yana kuma tafiyar wajen kilomita 40. A irin wannan, tsira da rai bai isa ba. Ƙaramin agogon cikin na'ura zai iya fitowa yana aiki amma bugunsa ya ɗan goce, na'urar auna juyi za ta iya fitowa lafiya amma tana karanta ƙarya. Harsashin zai tashi, zai juya fukafukansa, zai kuma sauka inda ba a nufa ba. Gane irin wannan lahani sai an auna na'urar kafin harbi, an harba ta, an dawo da ita lafiya, an sake aunawa. Aikin ɗaki da aikin fili sun zama zango biyu na gwaji guda.

Akwai misali daga wajen harkar soja da ke ƙara haska batun. Kamfanin SpinLaunch ya soma gwaji a Niyu Meziko a 2021, yana wulwula kaya a cikin wani ƙaton inji ya sake su sama, da burin wata rana ya jefa ƙananan taurarin ɗan'adam ta haka. Nauyin da kayan za su sha a irin wannan tsari ya kai ninki 10,000, amma a hankali yake hawa. Ga su, injin wulwulawa na ɗaki shaida ne mai ƙarfi, domin shi ne ainihin abin da kayan za su fuskanta. Injin nan guda, ga mai ƙera harsashin igwa, rabin shaida ne. Darajar gwaji ba a girman adadin da ya kai take ba, tana ga yadda ya yi kama da ranar aiki.

Idan aka ce lallai in ɗora ɗaya a kan ɗaya, igwa zan ba hukuncin ƙarshe, ba don ta fi bayani ba, sai don ita kaɗai ce ba ta buƙatar a yi zato. Duk injin ɗaki an gina shi ne bisa abin da injiniya ya riga ya sani game da harbi, abin da bai sani ba kuwa ba ya cikin injin. Amma wanda ya je bakin igwa bai bi ta ɗaki ba zai ƙona kuɗi ya dawo da tarkacen da bai san yadda zai karanta ba. Tsarin da ya dace shi ne wanda Sashen T ya bi cikin matsin yaƙi: a tace a ɗaki, a tabbatar da igwa, a dawo da abin da igwa ta nuna a gyara ɗakin, a kuma ajiye wasu kayan su tsufa a sake gwada su.

Wannan ba gardamar masana kaɗai ba ce. Fiyus ɗin da ya fashe da wuri a kan sojojin da suka harba shi yake fashewa. Harsashin da na'urarsa ta goce gidan wanda ba ruwansa yake faɗawa. Wanda ya ƙi tashi yakan kwanta a gona shekara da shekaru har garma ta taɓa shi. Duk wanda ya sa hannu a takarda cewa kaya sun ci gwaji, rayukan waɗannan mutane yake ɗauka a wuyansa. Saboda haka idan aka ce an gwada wata na'ura ta jure ninki 20,000, maganar ba ta cika ba sai an faɗi da wane inji aka gwada, na tsawon wane lokaci, guda nawa, kuma sabuwa ce ko wadda ta kwana biyu a rumbu.